Ɗakin Wankan Bakin Rami

Mun sha wuya a Arlit. Ba zan yi wa maganar ado ba, wuya ce kawai, irin wadda ba ta ƙara wa mutum hankali sai dai ta tsofar da shi tun lokaci bai yi ba. Yaran yanzu in sun ji mun ce “zamanin rami” sai su ɗauka wani daɗi muke tunawa, don an ba su labarin akwai nama a kantin kamfani, akwai wuta dare da rana, akwai mota mai ɗaukar mutum daga ƙofar gida ta kai shi aiki. Akwai su, ban musa ba. Amma ba kowa ya samu ba, kuma waɗanda suka samu, da yawansu suna can bayan gari a kwance, sai ka je ka tambaye su ko cinikin ya yi riba. Ni karatuna bai yi nisa ba, allo ne da ƴan shekaru a lekol, makarantar boko ke nan, don haka mai neman magana mai tsari ya nemi wani. Abin da na gani shi zan faɗa.

Abin da ya tono mini zancen, kwanan baya na ɗauko wani fasinja, don yanzu kabu-kabu nake yi, da furfurata da komai, ya ce in kai shi wajen masu tsofaffin ƙarafa. Tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinin, kasuwar da ta rage a gefen nan ke nan: a kwance, a yanka, a loda. Ina jiran ya gama ciniki sai na hango ta an kifar a gefe, tukunyar dafa ruwa ta ɗakin wankan ma'aikata. Ko cikin dubu zan gane ta, don akwai wani faci a cikinta da aka yi wa walda a karkace. Wani saurayi ya sa mata wuta yana yankawa. Na ce me za a yi da ita, ya ce murhun gawayi da komin awaki. Ya ce, “Baba, ko kana so ne?” Na ce a'a. Na koma kan babur na zauna, na sunkuyar da kai. Fasinja ya zo ya same ni haka, ya ɗauka zazzaɓi ne.

Daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram na zo, a saman kamiyo, babbar motar kaya, kan buhunan gero, gemu bai gama fito mini ba. Yayana ya riga ni zuwa da daɗewa. Kamfani ya ɗauke shi aiki na dindindin, aka ba shi gida a site, unguwar ma'aikata ke nan, mai famfo a tsakar gida. Da mahaifinmu ya rasu ya aika aka kawo Inna, ni kuma na biyo baya. Abin da ya fara ba ni tsoro a garin ba zafi ba ne, ƙara ce. A ƙauyenmu zakara ke tada mutum, nan jiniya ce. Tana yin shiru motocin ma'aikata su ɗauka, kowane direba da irin nasa ham. Da rana tsaka in an fasa dutse ƙasa ta yi gurnani, kwanukan Inna su yi ta kaɗawa a kan kanta, ita kuma ta yi ta salati. Ƙarƙashin duk wannan akwai wani gunji da ba ya yankewa, na manyan fankokin da ke hura iska cikin rami da injinan da ke janyo ruwa, har kunne ya gaji ya daina jin sa. Da hantsi kuma sai ƙarar wanki, mata sun jeru a bakin famfo suna bugun shuɗin kayan aikin mazansu, ruwan wankin na fita launin toka, a kwarara shi gindin bishiya, yara na tsalle a ciki. Yau duk wannan ya mutu. Sai kukan babura, da waƙar waya, da manyan motocin da ke wucewa Assamaka ba su ko tsayawa. Na yi zaton in ƙarar ta tafi zan huta. Ashe shirun ya fi ta nauyi.

Ni ban samu ɗauka ba, leburan ɗan kwangila na zama. Rami ɗaya muke shiga da ma'aikatan kamfani, duhu ɗaya, amma mu ba gida, ba katin asibiti, in ka kwanta ciwo kafin ka tashi wani ya sa takalminka. Darajar Yaya ce ta sa nake kwana a ɗakin ƙofar gidansa. Waɗanda ba su da kowa suna can bukkoki, gidajen laka da kwali da fasasshiyar ganga, inda mace ke jiran mai jaki ya kawo mata ruwan da za ta dafa tuwo. Tsakanin site da bukkoki ba nisa, kana iya jiyo kiran sallar juna, amma wanda ya faɗa can da wuya ya dawo.

Aikina a ƙasa jan tiyo ne. Ruwa na tsattsafowa daga dutse ta ko'ina, in ba a janye shi ba sai ya cinye hanya, mu ke bin sa da tiyo da famfo, yana kai mana ƙwauri. Ruwan nan garai-garai yake, ga sanyi. Ga wanda ya taso da ruwan tabki mai launin kunu, wannan kamar daga Aljanna aka tsiyayo shi. Mukan tara hannu mu sha, mu cika bido, jarka ke nan, mu fito da shi. In ka zuba shi a kofin gilas ka ajiye, yayin da sanyinsa ke fita sai ka ga ƴan ƙananan ƙwayoyi kamar idon kifi sun manne a jikin kofin, suna ƙaruwa, wasu su saki su taso. Muka ce alamar rai ce, ruwa ne mai rai. Mutum ɗaya na sani da ba ya shan sa, wani tsohon Ba'abzine mai gadin ƙofa, daga wajen Gugaram, wanda rawaninsa ba ya sauka daga bakinsa. Yakan ce, “Ruwan da bai taɓa ganin rana ba, ba ka san abin da ya haɗiye ba.” Yakan kuma ce ruwan da aka tafasa ya mutu, shi ya sa ake ɗaga buta sama a tsiyayo shayi daga nesa, a mayar masa da numfashi. Mu sha shayinsa mu yi masa dariya. Tsoho ne, ba injiniya ba, shi ma ba wai ya sani ba ne, tsoron baƙon abu ne irin na mutanen daji. Amma tsoron nasa ya fi wayonmu amfani.

Mu ƙura kaɗai aka koya mana tsoro. A rufe hanci, kar a ci abinci da hannu mai ƙura, kar a tafi gida sai an yi wanka. Shi ya sa ɗakin wankan da ke bakin rami ya zama mana wurin tsira. Ka shiga da dattin ƙasa, ka fito mutum.

Yaya mai haƙa ne da farko. Ban daɗe da zuwa ba dutse ya faɗo masa a ƙafa, ya warke da ɗingishi. Shef ɗinsu, shugaban aiki ke nan, wani mutumin Tawa mai faɗa amma mai zuciya, ya yi ta kai da kawo har aka ba shi kula da ɗakin wanka maimakon a sallame shi. Ranar da labari ya zo Inna ta soya waina ta raba wa unguwa. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce “wancan”. Tana juya waina tana hawaye tana cewa, “An fito mini da wancan daga kabari da ransa. Auta, kai ma Allah ya fito da kai.” Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, da ƙarfi.

Ɗakin ba abin kallo ba ne. Ginin siminti ne mai gajeren rufi, dogo kamar masallacin unguwa, da bututu a sama jere da kawunan famfo masu ƙananan huji, sai benci, sai ƙusoshin rataye kaya, sai tukunyar nan a lungu. Ruwan ba na gari ba ne. Daga babban bututun da ke fito da ruwan rami aka tsago reshe aka shigo da shi, don ga shi nan kusa yana zuba a banza, kuma kowa ya shaide shi da tsabta. Yaya ya riƙi aikin kamar sarauta, har aka sa masa Sarkin Ruwa. Wanda bai yi ɗari a Arlit ba bai san ɗari ba. Mutum ya fito daga rami jiƙe da gumi, iskar hamada ta sare shi kamar wuƙa. Can sama kusa da rufi akwai ƴan tagogi marasa murfi, ma'aikata suka yi ta ƙorafi a kansu. Yaya ya samo tsofaffin buhunan siminti ya cusa a ciki ɗaya bayan ɗaya, ya liƙe da laka. Da zafi ya dawo ma bai cire ba, ya ce ai suna tare ƙura. Kowa ya yaba masa. In ya buɗe ruwa, tururi ya cika ɗakin har ba ka ganin na gefenka, sai dai murya.

“Sarkin Ruwa, ƙara wuta!” in ji wani Babarbare direban inji. “Akwai Bafillace a nan, rabonsa da wanka tun ranar suna.”

“Bar shi ya yi surutu,” Bafillacen ya amsa daga cikin tururi. “Bawa in ya ji ruwan zafi sai ya manta ubangidansa.”

“Ku dai yi sauri,” in ji Yaya. “Mota ba ta jiran mai dauɗa.”

Su shiga suke su fita. Shi kuwa a ciki yake wuni. Wannan ayari ya tafi, ya wanke ƙasa da ruwan zafi, ya jira na gaba. A nan yake cin abincinsa, a nan yake ɗan miƙewa a benci, da ɗari ma ba ya ko leƙowa waje. Ya yi haske, ya yi ƙiba, tafin hannunsa ya yi laushi kamar na mai jego. Matarsa tana tsokanarsa wai ya fi ta kyan fata. Mu da ke fitowa baƙi ƙirin muna kallon sa muna cewa wani da sa'a aka haife shi.

Shekaru suka tafi a haka, ya haifi ƴaƴa, ni ina nan ina jan tiyo. Sai tari ya zo. Da fari ƙarami ne, irin na wanda ya shaƙi yaji. Ya ƙi tafiya. Ƙibar ta zube, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, in ya yi magana mai tsawo sai ya tsaya a tsakiya ya nemi numfashi. Aka kai shi asibitin kamfani aka yi masa radiyo, hoton ƙirji ke nan. Likita ya ɗaga hoton a fitila ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye shi kwalin taba nawa yake sha a rana. Mutumin da ko goro bai dame shi ba. Aka ba shi magani, ranar da numfashi ya ƙi a kwantar da shi a sa masa robar iska a hanci, ya ɗan farfaɗo a dawo da shi gida. Inna ta koma ga abin da ta sani, ta tafasa ganyen turare da na dalbejiya ta lulluɓe shi da bargo ya yi sirace. Abokan aikinsa in sun zo gaisuwa, kowa da bidonsa na ruwan rami, wai a dafa masa da mai rai. Shef kuma ya ce in riƙe masa ɗakin kafin ya warke, kada a sa baƙo. Haka na bar tiyo na shiga tururi, ɗari na farawa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Akwai wani saurayi ɗan Maraɗi, Kirista ne, mai awon iska a cikin rami. Yana yawo da wani akwati rataye a kafaɗa, akwatin ya shaƙi iska ya nuna lamba. Ya yi karatu amma ba ya ɗaga hanci, Mai Awo muke ce masa. Zagayensa a ƙasa yake. Ɗakin wanka ba ya cikin wuraren da aka ce ya auna, wa zai auna wurin da ake zuwa a tsarkaka? Ran nan da azahar ya fito daga rami a makare, ya shigo wanka bayan jama'a sun watse, ya ajiye akwatin a benci, ashe bai kashe shi ba. Da ya gama yana goge kai sai idonsa ya faɗa kan lambar. Ya ƙwanƙwasa akwatin da yatsa. Ya ɗauka ya fita waje, ya daɗe, ya dawo ya ajiye, ya tsaya a kai.

“Ƙanen Sarki, ruwan nan daga ina yake zuwa?”

Na nuna masa bututu.

“Tagogin can fa?”

“Yaya ya toshe. Saboda sanyi.”

“Tun yaushe?”

“Tun ina sabon shiga rami.”

Ya zauna a benci da tawul a wuya, yana kallon tagogin. Can ya tashi ya je bakin ƙofar shiga inda ake sayar da lemun kwalba, ya dawo da biyu masu sanyi. Ya ɗora ɗaya a kan tukunyar dafa ruwa, ya ja ni waje muka tsaya a rana. Da aka jima ya ɗauko ta. Ya buɗe mai sanyin, ta yi ɗan tsaki ta yi shiru. Ya buɗe mai ɗumin, ta yi tsartuwa ta jiƙa masa hannu har gwiwa.

“Ka ga wannan?” ya ce. “Lemu ɗaya ne, iskar da aka ɗura musu ɗaya ce. Ruwa yana shan iska kamar yadda yake shan sukari, sai dai hanyar ta bambanta. Sukari, ruwan zafi ya fi sha. Iska kuwa ruwan sanyi ya fi riƙewa. Ka ɗumama shi, ya sake ta. Ka girgiza shi ko ka fesa shi, ya ƙara sakewa.”

Sai na tuna tabkin ƙauyenmu in bazara ta yi nisa, ruwa ya ɗumame, kifaye su taso sama suna buɗe baki, wasu su juya ciki sama, tsofaffi su ce ruwa ya gaji. Na faɗa masa. Ya ce, “Shi ne. Iskar da suke shaƙa ce zafi ya kora. Ƙwayoyin da kuke gani a kofi ma ita ce, iska ce ke fita.” Ya ce wannan ba laifi, iskar duniya ce. Amma dutsen da muke haƙa yana fitar da wata tasa, radon sunanta, ba wari, ba launi, in ta daɗe tana shiga huhu tana cin sa. Don ita aka kafa fankokin nan, don ita ake biyan sa ya yi yawo da akwati. Ruwan da ke kwance cikin dutsen yana shan ta, ya riƙe, don yana cikin sanyi da matsi. “Ku kuma kun janyo shi, kun dafa shi, kun fesa shi ta ƙananan huji, a ɗakin da ba ta da hanyar fita.”

Na ce, “Ita ta kama Yaya?”

“Ban sani ba. Ni ba likita ba ne, kuma ya taɓa aiki a ƙasa. Ba zan ce maka e ba, ba zan ce maka a'a ba.”

“Siracen da Inna ke yi masa fa? Da ruwan nan ne.”

“A tsakar gida take tafasawa?” Na ce e. “To kafin ta lulluɓe shi ta riga ta bi iska. Bar tsohuwa da siracenta. Ɗakin nan ne abin dubawa. A buɗe tagogin can.”

Na ce ni riƙo nake yi. Leburan ɗan kwangila ya taɓa bangon kamfani, kafin la'asar yana waje, kuma ma'aikata za su cinye ni ɗanye a wannan sanyi. Ya ce zai kai maganar sama. Na yarda ya kai, ba mai ƙarya ba ne. Sama ce dai ke da nisa.

Ban gaya wa kowa ba. Na ci gaba da zuwa, in buɗe ruwa in fito waje in tsaya, ana ce mini ko tsoron tsiraicin maza nake. Ana haka, wata la'asar Shef ya zo gida da kansa. Ya gaida Yaya da ke kwance a tabarma a rana, ya tsuguna gaban Inna, ya cire hula. Ya ce likita ya rubuta Yaya ba zai koma aiki ba, kuma ƙa'ida ita ce gida da katin asibiti suna bin aiki. Amma ya roƙa, an yarda a ɗauke ni dindindin a gurbinsa, a ɗakin wanka. In na karɓa, gida na nan, kuma za a bar Yaya a kan katina. In ban karɓa ba, akwai masu jira. “Gobe da safe ka zo ka amshi makulli,” ya ce da ni. “Kar ka ba ni kunya, na zubar da yawu da yawa a kanka.”

Inna ta ɗaga hannu sama ta yi ta sa masa albarka har ya fita. Ni ban tashi na raka shi ba. Ta lura.

“Auta, ba ka ji ba ne?”

Na ce na ji. Na matsa kusa na gaya mata abin da Mai Awo ya ce, yadda na iya. Ban iya da kyau ba. Ta saurara har na gama.

“Ruwa?” ta ce. “Ruwan da ake alwala da shi? Ruwan da ya fi na famfo haske? Ramin da ya karya masa ƙafa bai kashe shi ba sai wanka? Kai dai ka ce ba ka son riƙon ƴaƴan ɗan'uwanka, ka huta da kwana-kwana.”

Ta shige ɗaki. Matar Yaya tana bakin murhu, duk ta ji. Mace ce mai wasa da ni tun zuwana, ranar ba wasa. Ba ta ɗago ba, tana gyara itace ta ce, “Ni ban ce ka karɓa ba, Auta. Ban kuma ce kar ka karɓa ba. Abin da na sani, robar nan da ake sa masa a hanci, ba a sa wa mutumin bukkoki.”

Na je na zauna gefen tabarmar Yaya. Idonsa a rufe, na ɗauka barci yake.

“Buhunan nan,” ya ce, “da hannuna na cusa su.”

“Ba a tabbatar ba, Yaya. Shi ma ya ce bai sani ba.”

“Suna ta kukan sanyi. Na ce bari in kyauta musu.” Ya yi wata dariya, tari ya karɓe ta, na riƙe shi har ya lafa. Ya kama hannuna, nasa ba nauyi kamar kara. “Kar ka karɓa.”

Na gyara masa bargo. A lokacin ƙaramar ƴarsa ta buɗe famfon tsakar gida tana wasa da ruwa, uwar ta daka mata tsawa. Ya juya kai ya kalle su, ya daɗe. Bai sake cewa kar in karɓa ba. Bai kuma janye ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne, “Kar ka sake yi wa Inna zancen. Ita ta soya waina.”

Bai ga ƙarshen ɗarin nan ba. Har ta koma ga Allah Inna tana cewa rami ne ya biyo shi, ban sake musa mata ba. Can baya, wata rana aka zo aka yanke reshen bututun aka haɗa ɗakin da ruwan gari, ba wanda ya ce mana don me, mu ma ba wanda ya tambaya. Har yau ba wani mai farar riga da ya zaunar da ni ya ce ga abin da ya kashe ɗan'uwanka. Wannan ne ke ci na, ba mutuwar ba, mutuwa ta kowa ce. An san ruwan sanyi na riƙewa, an san na zafi na saki, abu ne da aka ce yaran lekol ma na karantawa, kwalbar lemu biyu ta isa a nuna wa jahili irina. Amma sai da aka bar akwati a kunne bisa kuskure. Yanzu in na tura babur cikin rairayi sai na tsaya na huta, ƴata na cewa in je a yi mini radiyo, na ce a bar ni. Babban ɗan Yaya, wanda ya girma a gidan nan, yana can wurin haƙar zinariya yana niƙa dutse ba ko ƙyalle a hanci. Da ya zo salla na zaunar da shi na yi masa magana. Ya ce, “Baba, kowa da ajalinsa,” yana danna waya. Ban yi fushi ba. Haka muka yi wa tsohon mai gadi, sai dai mu mun sha shayinsa.

Amma na tsallake. Washegarin ranar da Shef ya zo, bayan asuba, na bi motar farko. Na same shi a ofis na miƙa hannu, ya sa mini makulli, ya dafa kafaɗata. Na biya ta wajen makanikai na ari guduma da kurfi. Na hau benci na fasa lakar, na zaro buhunan, sun daskare kamar dutse, na jefo su ƙasa. Sannan na buge ƙusoshin ƙyauren ƙofar, na ciro shi gaba ɗaya na kwantar a bayan ɗaki, na ɗaura tabarma a kan sanda biyu ɗan nesa da bakin don sutura. Na kunna tukunya.

Ayarin dare ya fito daga rami, Babarbaren nan a gaba, haƙoransa na kaɗawa. Ya tsaya ya kalli bakin ɗakin, ya kalle ni.

“Wane mara imani ne ya cire ƙofa a wannan sanyi?”

“Ni ne,” na ce. “Ruwa na nan da zafi. Mai yi ya yi.”

Suka shiga suna zagi. Na jawo benci waje na zauna cikin ɗarin, na sa hannuwa a hammata, ina kallon tururi na fita ta sama.